Wayar da ke hannun ƙaninka amana ce a wuyanka

'Yan'uwana matasa, musamman waɗanda Allah ya ba ƙanne ko 'ya'ya, kwanan baya na leƙa wani shagon gem a unguwarmu bayan sallar isha'i, na tarar da yaron da bai wuce shekara tara ba yana buga wasan bidiyo na GTA, yana bi ta kan mutane da mota, samari kuma sun kewaye shi suna zuga shi. A jikin kwalin faifan akwai lamba 18 a rubuce da jan launi, alamar cewa wasan na 'yan shekara 18 zuwa sama ne, amma ko kallonta babu wanda ya yi. Har na koma gida abin yana cin raina.

Duk lokacin da aka tayar da wannan zance, sai ka ji an ce ya kamata gwamnati ta hana. To, mu dubi waɗanda suka riga mu. A Amurka, majalisar dattawa ta yi zama a kan wasan faɗa na Mortal Kombat a 1993, abin da ya sa kamfanoni suka kafa hukumar ESRB a 1994 domin ta riƙa rubuta shekarun da suka dace da kowane wasa. Da jihar Kalifoniya ta yi dokar hana sayar wa yara wasannin zubar da jini, Kotun Ƙoli ta soke ta a 2011, tana mai cewa ta saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki. Ƙasar Sin kuwa ta tsaurara, domin a 2021 ta taƙaita wasan intanet na 'yan ƙasa da shekara 18 zuwa awa ɗaya a ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi, sai ga yara suna shiga da katin shaidar iyaye da kakanni. Idan hukuma mai wannan ƙarfi ta gamu da wayon yara, yaya za ka zauna kana jiran doka ta shigo ɗakinku ta karɓe waya?

Adalci ya sa in faɗa cewa bincike bai tabbatar da cewa wasa shi kaɗai yana mayar da yaro mai kisa ba. Abin da na fi tsoro shi ne wanda muke gani da idonmu, wato barcin da ke salwanta, da sallar asuba da ake makara, da zagin da yaro ke kwasowa daga baƙin da yake hira da su ta murya a cikin PUBG ko Free Fire. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtuka.

Iyayenmu da yawa ba su san waɗannan manhajoji ba, mu ne muka sani, kuma sau da yawa mu ne muke sauke wa yaran su. Manzon Allah (SAW) ya ce dukkanmu makiyaya ne, kuma za a tambayi kowa game da abin kiwonsa. Don haka kafin ka miƙa wa ƙaninka waya, duba shekarun da aka rubuta a Play Store, ka sanya masa manhajar Family Link ta kula da wayar yara domin ƙayyade lokaci, ka kashe hirar murya, sannan ka zauna kusa da shi ka ga abin da yake bugawa. Da dare wayar ta kwana a wurinka. Kai ma idan an kira salla ka ajiye taka, domin yana kallonka.