Kwaɗon da ke bakin ƙofarka ma halittar Allah ne

Assalamu alaikum ƴan uwa. Jiya bayan isha'i ina dawowa daga masallaci nan Tudun Wada na tarar da yara sun yi da'ira ƙarƙashin fitilar sola, na ɗauka wasa suke, ashe kwaɗo suka ritsa, wani na jifa wani ya kawo gishiri daga gida yana barbaɗa masa a baya suna ihu yana ta mimmiƙewa. Manya na zaune kan benci gefe guda ana hira ba wanda ya ce kanzil. Wallahi har na kwanta abin yana raina.

Kun san me gishirin nan yake masa kuwa? Kwaɗo ba ya shan ruwa da baki kamar ni da kai, ta fatarsa yake tsotsa musamman fatar cikinsa, shi ya sa za ka gan shi ya lafe gindin randa ko bakin rariya. To in ka zuba masa gishiri ruwan jikinsa ne kake janyewa da ransa, ƙishirwa ce da ƙuna lokaci guda. Me ya yi mana?

Ya tabbata a wajen Abu Dawud da Nasa'i, daga Abdurrahman bin Usman, cewa wani mai magani ya tambayi Manzon Allah (SAW) kan sa kwaɗo cikin magani, sai ya hana shi kashe shi. Magani fa, abin da ake neman lafiya da shi, aka ce a'a. Ina ga kashewa don nishaɗi kawai.

Wannan mai kaushin bayan da muka fi gani a tsakar gida da damina, ba burduddugi mai santsi da dogon tsalle ba, masana suna ce masa Sclerophrys regularis, da can Bufo regularis ake kiransa, tun 1833 aka rubuta shi a cikin dangin Bufonidae. Daga Senegal har Habasha akwai shi, har gaɓar kogin Nilu a Masar, ƙasar da Allah Ya aika wa mutanen Fir'auna kwaɗi a matsayin aya kamar yadda ya zo a Suratul A'araf aya ta 133.

Ni abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda yake zuwa duniya. Kukan nan da ke hana mu barci in an yi ruwa a Rigasa ko Kabala ko bakin kogin Kaduna, mazan ne ke kiran mata, macen kuma ta fi girma, sai ta zuba ƙwai dubbai a kududdufi a jere cikin wani zare mai yauƙi, baƙaƙe ƙanana, in ka gani sai ka ce carbi aka shimfiɗa cikin ruwa. Su fashe su zama talibambam mai wutsiya yana numfashi a ruwa kamar kifi, sannan ƙafar baya ta fito, ta gaba ta biyo, wutsiyar ta shige jiki, ya hau tudu da huhu. Wa ya tsara wannan? Subhanallah. Allah Ya ce a Suratul Isra'i babu wani abu face yana tasbihi da gode maSa, mu ne ba ma fahimtar tasbihinsu.

Kuma zamansa ƙarƙashin fitila aiki yake mana, shinge da tururuwa da ƙwari yake lashewa da harshensa mai danƙo, ko haƙori ba shi da shi balle ya ciji wani. Eh yana da guba, wani farin ruwa ne a kumburin nan biyu na bayan idonsa, kare in ya cafke shi sai ka ga bakinsa na kumfa, amma kariya ce Allah Ya ba shi, ba ya bin kowa da ita. Yaro in ya taɓa a wanke masa hannu da sabulu kada ya kai ido ko baki, shi ke nan.

Iyaye mata da malaman Islamiyya don Allah a gaya wa yara hadisin nan, mun haddace na matar da ta shiga wuta saboda kyanwa amma na kwaɗo kamar ba mu taɓa ji ba. Ni ma ina yaro na yi jifan nan, Allah Ya yafe mana. In ya shigo miki ɗaki Hajiya ba sai an kira yara da duwatsu ba, sa tsintsiya a hankali ki tura shi cikin bokiti a kai shi bakin lambatu ko cikin ciyawa a sake shi.