Waya ba ta hura wuta

Tun da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023, na horar da matasa miliyan uku kan fasahar zamani, muka samu sababbin masu wa'azi. A taron bita, a rediyo, a Facebook, huɗubarsu ɗaya ce: wai koya wa yaro girki, ɗinki, noma ko lissafi da ka ɓata lokaci ne, tunda ƙirƙirarriyar basira za ta yi komai. Ba shirin nake faɗa da shi ba. Huɗubar ce ta ishe ni.

Sai ka ce masu maganar ba a ƙasar nan suke ba. Sun manta da Oktoban 2024, lokacin da layukan lantarki suka lalace, yawancin jihohin Arewa suka kwashe fiye da mako guda a duhu? Firij ya koma akwatin ajiye kwanuka, wayoyi suka yi layi a shagon mai caji. Gidan da ya sha ruwa mai sanyi a makon shi ne gidan da ba a raina randa ba. Matar da ta iya shanya tumatir ya zama kauɗa, ta iya soya nama ya yi kwanaki, ba ta zubar da ko cokali ba. Maƙwabciyarta mai digiri biyu kuwa, sai da ta aika a kira wata dattijuwa ta hura mata gawayi. Ba ƙage nake ba, a layinmu aka yi.

Kafin nan, a Satumban 2021, an katse layukan sadarwa a Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. A farkon 2023 canjin kuɗi ya sa turansfa ta riƙa maƙalewa, masu POS suka ci karensu babu babbaka. Waɗanda suka ci abinci a lokacin su ne masu rumbu, masu kaji a tsakar gida, da waɗanda suka iya ciniki da baki har mai shago ya ba su bashi a kan mutunci.

Za su ce in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. To, ai sai a samu wutar da za a kunna kiɗan tukuna.

Abin da ba a son faɗa shi ne, ba fasaha ce ta kashe waɗannan dabaru a gidajenmu ba, girman kai ne. Mu 'yan boko mun mayar da shara, wanki da ɗebo ruwa aikin almajiri da 'yar aiki. Ɗanmu namiji ya kai shekara ashirin bai taɓa ɗora tukunya ba, muna cewa ai ba mace ba ne. Ya tafi bautar ƙasa, ya ƙarar da alawus ɗinsa wajen mai indomi. Maɓallin riga ya cire, sai a jira mai ɗinkin tafi-da-gidanka ya wuce yana kaɗa almakashi.

Makarantu su dawo da gonar makaranta da darasin girki, maza da mata a aji ɗaya. Iyaye kuma, a hutun nan mai zuwa, a karɓe wayar na awa biyu kullum, a miƙa wa yaro tsintsiya da allura, a tura shi kasuwa da kuɗin cefane ya dawo da canji daidai.