Mun san wanda ya ɗauki hoton Queen, waye ya ɗauki na Shata?

Mick Rock, mai ɗaukar hoton mawaƙa ɗan Birtaniya, ya mutu ranar 18 ga Nuwamba 2021 yana da shekara 72. Bai yi suna da murya ko jita ba, kyamara ce abin hannunsa, amma da wuya ka shiga shagon tsofaffin faifai a nan Landan ka fito ba ka ci karo da aikinsa ba. Ɗan unguwar Hammersmith ne, ya karanci harsuna a Jami'ar Cambridge, ya ƙulla abota da Syd Barrett na ƙungiyar Pink Floyd, kuma shi ya ɗauki hoton bangon faifan Barrett na 1970. Daga nan ya bi mawaƙi David Bowie a 1972 da 1973, sunansa ya tafi.

Labarinsa da ya fi burge ni shi ne na wasu dare biyu a jere a watan Yuli 1972, a wani gidan silima da ke King's Cross. Daren farko mawaƙi Lou Reed ya yi wasa, Rock ya ɗauke shi hoto. Wajen wanke hoton sai aka samu tangarɗa, fuskar ta fito fari fat, idanu baƙi ƙirin sun sha kwalli. Wani mai hoton da shara zai jefa. Rock kuwa ya nuna wa Reed, hoton ya zama bangon faifansa mai suna Transformer. Washegari mawaƙi Iggy Pop ya hau dandamali ba riga, ya jingina da sandar makirfo, wannan hoton kuma ya zama bangon faifan Raw Power na 1973.

Sai bangon Queen II, faifan ƙungiyar mawaƙa ta Queen, a 1974: fuska huɗu cikin duhu, Freddie Mercury, mai rera musu waƙa, ya harɗe hannuwa a ƙirji, salon da aka aro daga wani tsohon hoton 'yar fim Marlene Dietrich. Lokacin ba su kai ko'ina ba tukuna, hoton ne ya riga su zama manya. Da suka zo yin bidiyon waƙarsu Bohemian Rhapsody a 1975, tsayuwar nan suka maimaita.

To mu koma gida. Duk wanda ya tashi da kaset ɗin Kasuwar Ƙofar Wambai ya san yadda abin yake: 'yar takarda a cikin kwanson roba, Mamman Shata da babbar riga da hula, an kwafa an sake kwafa har fuskar ta dushe. Wani kaset ɗin ma ba hoto, da biro mai shago ya rubuta suna. Waye ya ɗauki hoton? A wane gari? Ba a rubuta ba. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015, kuma hotunansu da ke yawo a Facebook ba mai uba.

Ba na cikin masu cewa Bature ya fi mu sanin darajar tarihi. Mu mutanen kunne ne. Dattijo a Funtua zai kawo maka baiti tun daga farko har ƙarshe, ya gaya maka wa aka yi wa waƙar da abin da ya bayar. Nan kuwa na ga wanda ya rataye bangon faifai a falo bai iya layi ɗaya na ciki ba. Abin da ke ci mini rai dai shi ne mawaƙinmu yakan ambaci duk wanda ya ba shi riga ko doki, har direba da maroƙi suna shiga waƙa, amma mai hoton da ya ajiye mana fuskarsa ya tafi ba a san shi ba.

Kuɗi ne tushen bambancin. Faifan garmaho yana da faffaɗan bango, inci 12, kamfani ke bugawa, ana sa sunan kowa a baya. Rock ya riƙe nagetif ɗinsa, ya ci gaba da sayar da hotunan da buga su a littattafai har tsufansa. A wancan zamanin, mai hoto a Kano ana biyan sa kuɗin kwafi ne, shi ke nan, nagetif ya zauna a durowa sai gara ko damina ta gama da shi. Kasuwar kaset kuma ta 'yan kwafi ce, ba wanda ke neman izinin kowa. Kada a ce Najeriya ba ta iya ba: a Legas, Lemi Ghariokwu ya zana wa Fela bangon faifai 26, kuma duniya ta san sunansa.

Saboda haka wanda mahaifinsa ko kawunsa ya taɓa riƙe shagon hoto a Sabon Gari, Funtua ko Jos, ya daure ya buɗe tsofaffin akwatuna. In an samu na wani makaɗi, a sa shi a intanet da sunan mai hoton da garin da shekarar.