Hawan Dutsen Addu'a Ba Shi Ne Ma'aunin Girma Cikin Ruhu Ba

Masu bi da yawa a Kumasi, har da 'yan'uwanmu na Aboabo, suna ɗauka cewa wanda ya fi yawan hawa Dutsen Atwea, wani dutse a yankin Ashanti da ake hawa don yin addu'a, ko kwanan addu'a shi ya fi girma cikin Ruhu. Addu'a da azumi suna da muhimmanci ƙwarai, amma Manzo Bulus, a Galatiyawa 5:22-23, ya lissafa ƙauna, salama, haƙuri, aminci da kamunkai a cikin 'ya'yan Ruhu, wato halayen da suke bayyana a kasuwar Kejetia idan mai saye ya yi zagi, ko ranar biyan bashi. Yesu ma, a Matiyu 7:22-23, ya ce zai ƙi waɗansu da suka yi annabci da mu'ujizai cikin sunansa, domin masu aikata mugunta ne.