Ƙwallon bolin ma sai da tela

Wani ƙanena da ke karatu a Ohayo ya turo mini hoton ƙwallon bolin ranar Lahadi, da ɗan saƙo a ƙasa: "Yaya, wannan ne sabon da ya fito, dala 230, in saya?" Wata uku ke nan da ya fara bin abokan karatunsa gidan bolin, wasan da ake gangara ƙwallo mai nauyi a kan dogon layi na katako don a zubar da wasu sanduna goma masu siffar kwalba. Na kira shi muka yi kusan awa guda a waya, na ce ya riƙe kuɗinsa tukuna. Da muka gama sai na ga gara in rubuta dalilina, domin na san ba shi kaɗai ba ne cikin ƴan uwanmu da suka zo ƙasar nan ta Amurka suka kamu da son wasan.

Shekarata tara a gefen Ditroit, jihar Mishigan. Yadda Argungu take garin kamun kifi, haka yankin nan yake garin bolin. Sanyi yana kulle mutane cikin gini tun daga Nuwamba har Maris, ma'aikatan kamfanonin mota kuwa sun daɗe da al'adar haɗuwa da dare a ƙungiya-ƙungiya su fafata. A Allen Park akwai gidan Thunderbowl mai layi 90 a ƙarƙashin rufi ɗaya. Kafin in zo, abin da na sani game da bolin shi ne wanda na taɓa gani a wani wurin shaƙatawa a Abuja: ka ɗauki duk ƙwallon da yatsunka suka shiga, ka wurga, a yi shewa, a sha lemo a watse. A nan na tarar da dattijo ɗan shekara saba'in yana jan jaka mai taya da ƙwallaye uku a ciki, kowanne da aikinsa, kowanne an huda shi daidai da hannunsa.

Abin da ido ba ya gani a wasan nan shi ne mai. Daga inda ake sakin ƙwallo zuwa kwalbar farko ƙafa 60 ne, faɗin layin kuma jerin katako 39. Kafin a fara wasa, na'ura takan bi ta shafa mai a kusan ƙafa 40 na farko, ta bar ragowar a bushe. Ƙwallo yakan yi sulu a kan man, idan ya taka busasshen wuri sai ya ciji ƙasa ya yi kwana, sannan ya gangara cikin kwalaben nan goma. Mai jifa da dama yana so ya shiga tsakanin kwalba ta 1, wato ta gaba, da ta 3 da ke bayanta ta dama, a karkace, kusan digiri 6, domin a nan ne kwalabe ke ture juna har su zube gaba ɗaya. Wanda ya wurga a miƙe zai dinga barin ɗaya ko biyu a tsaye ko da ya saita daidai. To, wannan kwanar ita ake saya da dala ɗari biyu da ɗoriya. Ƙwallon gidan wasa na filastik ne, ba ya cizon ƙasa, shi ya sa ba ya yin ta.

Abu biyu ke haifar da kwanar: ɓawon ƙwallo da zuciyarsa. Ɓawo ya fi tasiri, tunda shi ke taɓa ƙasa. Da can da katako ake yin ƙwallon, aka koma roba a farkon ƙarni na 20, sai filastik, sai yuretan a shekarun 1980. A farkon shekarun 1990 aka fito da wanda ake kira riyaktif, mai ƴan ƙananan ƙofofi da ke tsotse mai, shi ne ya juya wasan. Shi ma kala uku ne. Akwai mai dishi-dishi da ke fara cizo da wuri, ya dace da layi mai yawan mai. Akwai mai ƙyalli da aka cakuɗa da garin ma'adini, yana zarcewa nesa kafin ya karya kwana da ƙarfi. Akwai kuma wanda aka haɗa biyun. Zuciyar kuwa wani dunƙule ne mai nauyi a ciki. Wata an yi ta daidai ta kowane gefe, tana ba da kwana mai laushi da mutum zai iya hasashe. Wata an karkata ta da gangan, tana juyawa da zafi. A jikin kwali za ka ga lambobi biyu. Ta farko, RG, tana tsakanin 2.46 da 2.80, ƙaramarta na nufin ƙwallon zai fara birgima da wuri. Ta biyu ba ta wuce 0.060, kuma iya girmanta iya ƙarfin kwanar da ƙwallon zai iya yi.

Duk wannan na haddace shi a shekarata ta biyu da fara wasa, kuma shi ya kai ni ga asara. Na zauna na kalli bidiyo ya fi ashirin, na zaɓi ƙwallo mai dishi-dishi, mai karkatacciyar zuciya, mai lamba ta biyu kusa da iyaka. A ganina wanda ya fi ƙarfi shi ya fi kyau. Na yi odarsa ta intanet, na kai aka huda mini bisa awon tsohon ƙwallona. Ranar farko na ga abin da ban gane ba: ƙwallon yana fara kwana tun a tsakiyar layi, kafin ya isa kwalabe ya gaji, sai ya buge su kamar an jefa kabewa. Makina ya yi ƙasa da abin da nake samu da ƙwallon dala 120. Na yi sati shida ina zargin hannuna.

Wani dattijo mai shagon huda ƙwallo ne ya warware mini. Na shiga da niyyar sayen wani, ya ce ba zai sayar mini da komai ba sai ya ga jifana. Ya rufe shagon, ya biyo ni layi, ya tsaya a bayana na yi jifa goma. Ya ɗauki ƙwallon ya duba sawun da mai ya bari a jikinsa, ya ɗiga alama da fensir. Sannan ya ce jifana ba shi da gudu sosai, ƙungiyarmu kuma tana wasa ne a zango na biyu, bayan wasu sun riga sun kwashe man. Ƙwallon da na saya na mai jifa da ƙarfi ne a kan layi mai jiƙe da mai. Ya auna tazarar yatsuna ya ce ramin babban yatsa ya yi nisa, shi ya sa nake matse ƙwallon maimakon in sake shi.

Ina tsaye a gabansa sai Kantin Kwari ya faɗo mini a rai. Wa ya taɓa sayen Getzner ya miƙa wa tela ba tare da an gwada shi ba? Kowa a gida ya san cewa shadda komai tsadarta, idan ɗinki ya ɓaci ta ɓaci, yadi mai sauƙin kuɗi kuwa a hannun gwanin tela sai ya fitar da mutum kunya ranar Sallah. Telanka ya san kafaɗarka ɗaya ta ɗan fi ɗaya sauka, ya san kana son wuyan riga da ɗan sarari. Haka mahaifina yake sayen ragon layya: ba ya aike, da kansa yake zuwa kara, ya buɗe bakin rago ya duba haƙora, ya shafa gadon baya, ya sa a ja shi ya ga tafiyarsa. Wannan ilimin da shi na tashi. Da na zo ƙasar da ake sayen komai da danna waya sai na ajiye shi a filin jirgi, na ɗauka a nan lamba ta isa.

Ra'ayina ke nan, kuma a kansa nake: a wajen zaɓen ƙwallon bolin, hanyar sayayyarmu ta gida ta fi ta nan. Mutum ya fara neman mai huda kafin ya nemi ƙwallo. Duk ƙwallo mai tsada a toshe yake zuwa, ba rami ko ɗaya, kuma inda aka huda shi dangane da zuciyarsa yana sauya tafiyarsa ƙwarai. Mutum biyu za su sayi iri ɗaya a rana ɗaya, na wannan ya yi kwana da wuri, na wancan ya zarce. Mai hudar da bai ga jifanka ba, tela ne da ya yanka yadi da ka.

Ba wai na raina tsarin nan ba ne. Akwai abin da nake sha'awa a cikinsa har nake fatan a ce muna da irinsa. Hukumar bolin ta Amurka, USBC, da ke Arlington a jihar Teksas tana gwada kowane samfuri kafin a yarda a yi gasa da shi, nauyinsa, taurinsa, lambobin zuciyarsa, sannan ta sa sunansa cikin jerin da kowa zai iya dubawa. Idan kwali ya ce 2.49, to 2.49 ɗin ne. A kasuwarmu, mai saye idonsa da amanar mai shago kawai ya dogara da su, kuma mun san sau nawa ake sayar wa mutum jabu da sunan na asali. A nan wannan fargabar ta ragu sosai. Matsalar ita ce lambar gaskiya ba ta san hannunka ba. Tana gaya maka abin da ƙwallo zai iya, ba abin da zai yi maka ba.

Sai kuma talla, wadda ita ce ta kama ƙanena. Manyan masu ƙera ƙwallo ba su da yawa: Storm a jihar Yuta, wanda Roto Grip da 900 Global ke ƙarƙashinsa, da Brunswick wanda ya saye Ebonite a 2019 ya haɗa da Hammer da Track da Columbia 300, sai Motiv a nan Mishigan. Dukkansu suna yin kaya masu kyau, na jefa na kowannensu. Amma kusan kowane wata sai wani ya fito da sabo, da sabon suna mai ban tsoro, da bidiyon ƙwararre yana zubar da kwalabe. Matashi ya ga Jason Belmonte ɗan Ostireliya, mai jifa da hannu biyu, wanda ya fi kowa lashe manyan kofunan PBA, ƙungiyar ƙwararrun ƴan bolin, sai ya ɗauka sirrin yana cikin ƙwallon. Mutumin nan tun yana jariri yake wasa a gidan bolin na iyayensa a garin Orange. Juyin da yake sa wa ƙwallo ya ninka na yawancinmu. Kuma man da ake shafa wa ƙwararru daban ne da namu: a gidajen wasa ana tara mai a tsakiya a bar gefe a bushe, don ƙwallon da ya kauce ya dawo hanya, su kuwa ana shimfiɗa musu shi kusan bai ɗaya, kuskuren katako biyu ya isa ya kayar da mutum. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Nauyi ma ana yin kuskure a kansa, musamman mu maza. Iyaka laba 16 ce, wajen kilo 7 da kwata, sai kowa ya ce shi 16 zai ɗauka. Yawancin ƙwararru ma 15 suke jefawa. Ni 14 nake amfani da shi tun da wuyan hannuna ya fara ciwo, kuma makina bai ragu ba. Idan an huda ƙwallo daidai da hannu, za ka ji ya fi na gidan wasa sauƙin ɗauka ko da ya fi shi nauyi.

Akwai wata ɗabi'ar gida da ta yi mini rana a nan, wato gyara maimakon yarwa. Ɓawon riyaktif yana shan mai, bayan wasa sittin ko makamancin haka sai ka ga kwanar ta yi sanyi. Da yawa a nan sai su ce ƙwallo ya mutu, su sayi sabo. Alhali mai shago zai iya gasa shi a hankali ya fitar da man, ya goge shi da soso mai lamba 500 ko 1000 ko 2000 ko 4000, ya dawo kusan sabo da kuɗin da bai kai na cin abinci sau biyu a waje ba. Ƙaramar lamba tana sa shi kaushi ya ciji da wuri, babba tana sa shi santsi ya zarce. Wannan ne ma dattijon ya yi wa nawa: ya toshe ramukan ya sake huda su, ya goge ɓawon da 4000 ya sa masa ƙyalli. Bai zama abin da ya dace da ni ɗari bisa ɗari ba, amma yana cikin jakata har yau, ina fito da shi ranar da aka yi sabon shafi. A riƙa goge ƙwallo bayan kowane jifa, sai dai a sani tun daga 2019 busasshen tawul kaɗai aka yarda da shi a tsakiyar gasa.

Mai son na hannu, babu laifi, ni ma na saya. A duba dai kada ya kasance da tsagewa kusa da ramukan yatsu, kuma a lura da ƙarin rami a gefe. Da ana huda shi don daidaita nauyi, amma USBC ta hana daga 1 ga Agustan 2020. Yanzu duk ramin riƙo da ke jikin ƙwallo dole yatsa ya kasance a cikinsa lokacin jifa, in ba haka ba sai an toshe.

Abin da na gaya wa ƙanena shi ne ya raba dala 230 ɗin nan gida uku. Ya sayi riyaktif na masu farawa, mai daidaitacciyar zuciya, a huda masa irin hudar da gaɓar farko ta yatsu kaɗai ke shiga. Ya sayi takalmin kansa ya daina haya. Abin da ya rage ya biya mai koyarwa ko da awa ɗaya ce. In ya ƙara tara wani abu, ya nemi na filastik don kwashe kwalbar da ta rage a lungu, tunda mai kwana ba ya son zuwa wurin kwalba ta 10. Na ce ya shiga shago biyu ko uku a garinsu, ya tsaya a wanda mai shi ya ce masa "zo in ga jifanka" kafin ya nuna masa kanta.

Jiya ya kira ni. Ya ce ya sami wata mata mai shago da ta sa shi jifa har sau goma sha biyu, ta auna hannunsa sau biyu, ta ce laba 14 zai ɗauka. Ranar Alhamis zai je karɓa.