Yi shiru, 'yar'uwata

A coci na tashi a Zariya, daga makarantar Lahadi har ƙungiyar mawaƙa, amma ban taɓa jin fasto ya buɗe 2 Sama'ila sura 13 a gaban jama'a ba. Dauda da Goliyat kam mun haddace. Sai da na zo Landan, a wani ɗan taron nazari na daren Laraba, aka miƙo mini surar aka ce in karanta da ƙarfi. Da kyar na kai ƙarshe.

Amnon, ɗan farin Sarki Dauda, ya ƙwallafa rai a kan Tamar, ƙanwarsa ta wajen uba. Abokinsa Yonadab, mai wayon tsiya, ya ba shi dabara: kwanta ka yi ciwon ƙarya, ka roƙi baba ya turo ta ta yi maka abinci. Uban da kansa ya aike ta. Ta kwaɓa gari, ta toya, ta kai masa har ɗaki. Ya kori kowa. Ta roƙe shi, ta tuna masa kunyar da zai jefa ta ciki, ya fi ƙarfinta. Da ya gama sai ƙiyayya ta maye gurbin son, ya sa bara ya jefa ta waje ya kulle ƙofa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne Tamar ba ta yi shiru ba. Ta zuba toka a ka, ta kece doguwar rigarta ta 'ya'yan sarki, ta ɗora hannu a ka, tana tafe tana kururuwa. Wanda ya rufe mata baki ba Amnon ba ne. Absalom ne, wanta uwa ɗaya uba ɗaya, mai ƙaunarta: yi shiru 'yar'uwata, ai ɗan'uwanki ne, kada ki sa abin a ranki. Dauda kuwa ya ji, ya yi fushi ƙwarai, iyakarta ke nan. Na san 'yan'uwana Musulmi ba su yarda da labarin da ke jingina wa Annabi Dauda gazawa, ni abin da ke cikin littafinmu nake faɗa.

Na san wannan muryar ta Absalom. Muryar gwaggo ce mai share wa yarinya hawaye tana cewa, "In aka ji, wa zai aure ki?" Muryar dattawan da ke zama a zaure su sasanta, a karɓi kuɗin magani, a bar wa Allah. Mun kira shi rufin asiri, ba mu taɓa tambayar asirin wa ake rufewa ba. A 2020 jihar Kaduna ta yi dokar dandaƙe masu yi wa ƙananan yara fyaɗe, aka yi ta tafi. To, doka ba ta shiga ɗaki da ƙafarta, sai wani ya kai ƙara, kuma mai laifin sau da yawa da shi ake cin tuwon dare.

Da na ɗauka Turawa sun wuce wannan. Ashe ba haka ba. John Smyth, wani babban lauya mai jagorantar sansanonin matasa Kirista, ya yi ta zane yara maza da sanda har jini. Tun 1982 wasu manyan coci suka sani, suka rubuta, suka ɓoye. Ya koma Zimbabuwe a 1984 ya ci gaba da abinsa, ya mutu a Afirka ta Kudu a 2018 ba a hukunta shi ba. Sai a Nuwamban 2024 rahoton bincike ya fito, har shugaban cocin Ingila, Justin Welby, ya yi murabus. Shekara arba'in da biyu! Su ma sunan gida suke karewa.

Alhali gidan Dauda bai tsira ba. Shekara biyu Absalom bai ce wa Amnon uffan ba, sannan a bikin sausayar tumaki ya sa bayinsa suka kashe shi. Ya gudu Geshur shekara uku, ya dawo ya tayar wa ubansa, shi ma aka kashe shi. Tamar kuwa ta zauna a gidan wanta a kaɗaice, ba a sake rubuta ko kalma ɗaya daga bakinta ba.

Bambancin da na gani a nan ƙarami ne, amma ba na raina shi. A ƙofar cocinmu akwai takarda ɗauke da suna da lambar wayar matar da za a kai wa irin wannan koke, kuma ba ta da ikon ajiye shi a aljihu. Ba ka koyar da yara sai an binciki tarihinka a wajen 'yan sanda, ko da fasto ne ya haife ka. Kunya ce da shari'a suka tilasta musu, ba tsarkin zuciya ba.

Na ɗauki hoton takardar na tura wa gwaggona, wadda ta daɗe a shugabancin zumuntar mata a gida, na ce ko za su gwada. Kwana uku ba ta amsa ba. Rana ta huɗu ta kira, muka gaisa, ta tambayi sanyi, ta tambayi yara. Har zan ajiye waya ta ce, "Wace sura ma kika ce?"