Nasiha ga Masu Gasar Karanta Waƙoƙi

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan'uwa na ƙungiyar karatu.

Tun da aka ware wannan wata don rubutattun waƙoƙi, aka ce kowa ya karanta abin da ya sawwaƙa ya kuma tallata wanda ya burge shi, na ga himma, Allah Ya saka da alheri. Sai dai akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Mutum ya ɗora hoton bangon Waƙoƙin Imfiraji da hantsi, kafin la'asar ya rubuta, "Na gama, saura na gaba." Haba Malam! Me aka gama?

Malam Aliyu Namangi na Zariya, mai Waƙoƙin Imfiraji, makaho ne. Da ka ya tsara baitocin nan, da baki ya rera su, shi ya sa har yau za ka ji makafi na rera su a tasha da bakin kasuwa, ɗaya na ja sauran na amsawa. A cikinsu akwai zancen ruɗin duniya da mutuwa da kwanciyar kabari. Wanda ya bi ta kan wannan a guje don lissafinsa ya cika, ban ce bai karanta ba, amma ya tambayi kansa: don Allah ya yi, ko don a ce wane akwai karatu? Riya ba a sallah da sadaka kaɗai take shiga ba.

Waƙa ita kanta ba abin ƙi ba ce. Bukhari ya ruwaito cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce lalle daga cikin waƙa akwai hikima, kuma Hassanu ɗan Sabitu ya rera baitoci a cikin masallacin Madina. Amma ku koma ƙarshen Suratush Shu'ara'i, aya ta 224 zuwa ta 227. Cikin laifin da aka ambata wa mawaƙa har da faɗin abin da ba su aikatawa, sannan aka togace waɗanda suka yi imani, suka yi aiki nagari, suka yawaita ambaton Allah. A ganina mai karatu ma yana da nasa kason a wannan gargaɗi. Ka kwafo baiti a kan illar gulma ka watsa, mutane na ta "Masha Allah", da daddare kuma a iske ka ana cin naman wani da kai. Akwai kuma hadisin da ya ce gara cikin mutum ya cika da mugunya da ya cika da waƙa, wanda malamai suka ce yana nufin mutumin da waƙa ta mamaye har ta raba shi da Alƙur'ani da zikiri. Idan izun da ka saba karantawa kullum ya ragu saboda gasar nan, to gasar ce za ta jira.

Ku dubi yadda Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta yi da nata waƙoƙin. Ta naɗa jajoji, wato dattijan mata masu jagorantar 'Yan Taru, ƙungiyarta ta koyar da mata, ta ba su malfa da jan rawani. Su kan zo wurinta daga ƙauyuka, su haddace waƙa ta shiga ransu, su koma su koyar da mata tauhidi da tsarki da sallah da tarihin Manzo. Waƙa guda kan isa a yi ta bita ana tambaya ana amsawa. Mu ma da za mu ɗauki baiti biyar mu rera wa Inna ko Kaka a tsakar gida, wataƙila ta ƙarasa mana na shida da ka, ta kuma gyara mana karin.

Sai batun tallata littafi. Wannan amana ce. Kada ka ce a nemi abin da bangonsa kawai ka gani, kuma ka faɗi wanda ya dace da shi. Matashin da abokai ke ja zuwa shaye-shaye, miƙa masa Waƙar Giya ta Mu'azu Haɗeja. Mai son sanin yadda malami ke gaya wa masu mulki gaskiya, ga Sa'adu Zungur. Mai koyon sarrafa harshe ya zauna da Fasaha Aƙiliya ta Aƙilu Aliyu, amma ya tanadi haƙuri da dattijon da zai tambaya, don Hausar ciki ba ta yara ba ce.

Su kuma matasan da ke buga nasu diwanin, wato littafin waƙoƙinsu, da kuɗin aljihunsu, 'yan'uwa, mu ji tsoron Allah game da haƙƙinsu. Littafin da aka ɗauki hotonsa shafi-shafi ana yaɗawa a WhatsApp ba da izinin mai shi ba, gumin wani ne. Wanda irin wannan ya shigo wayarsa ya nemi marubucin ya biya, ko ya nemi yafiya, kada kuma ya tura wa na gaba.